A Kwashe Jama'a Ko A Bar Mai Gida Ya Kare Gidansa? Muhawarar Da Gobarar Los Angeles Ta Farfaɗo

Da hantsin ranar 7 ga Janairu 2025 wuta ta tashi a tsaunin da ke saman unguwar Pacific Palisades a birnin Los Angeles na Amurka. Bayan faɗuwar rana wata ta sake tashi a kwazazzabon Eaton, kusa da Altadena. Daminar shekaru biyu da suka gabaci wannan lokaci ta yi kyau, ciyawa da ƙananan itatuwa sun cika tsaunukan, sannan aka yi wata takwas kusan babu ruwan sama, komai ya bushe ƙayau. Sai iskar da suke kira Santa Ana ta taso. Iska ce busasshiya mai fitowa daga hamada ta gangaro ta kwazazzabai zuwa bakin teku, 'yar uwar iskar hunturun da muka sani, sai dai ita a wannan daren ƙarfinta ya kai kusan kilomita 160 a awa ɗaya a kan duwatsu. Jiragen da ke zuba ruwa daga sama suka kasa tashi. Kafin a shawo kan wutar, mutum 31 sun rasu bisa ƙidayar hukuma, gine-gine fiye da 16,000 sun ƙone, an kuma umarci mutane kusan 180,000 su bar gidajensu.

Wuta ta mutu, gardama ta tashi. A cikin tambayoyin da aka yi ta jefawa, akwai ɗaya da ta raba kan mutane gida biyu, har a tsakanin masu kashe gobara su kansu: idan iska ta koro wutar daji ta nufo unguwa, shin daidai ne hukuma ta kwashe kowa da kowa, ko kuwa wanda ya shirya, yana da lafiya da kayan aiki, a bar shi ya tsaya ya kare gidansa?

Abin da masu goyon bayan kwashewa ke cewa

Hujjarsu ta farko ba ta da tsawo: gida ana sake ginawa, rai kuwa in ya tafi ya tafi. Suna ƙarawa da cewa mutumin da bai taɓa tsayawa gaban irin wannan wuta ba bai san abin da yake yanke wa kansa ba. Rana takan koma dare saboda hayaƙi. Ƙarar wutar takan hana mutum jin maganar wanda ke kusa da shi. Zafinta, tun harshenta bai iso ba, yana iya kashe mutum daga nesa. Wanda ya yi wa iyalinsa alkawarin jarumta da safe, da yamma sai a same shi yana laluben makullin mota cikin duhu, a lokacin da hanya ta riga ta rufe. A Altadena an tsinci gawar wani magidanci a harabar gidan da ya taso a ciki, tiyon ban-ruwa na hannunsa.

Suna kuma da shaidar da ke da wuyar turewa. A watan Mayun 2016 wuta ta afka wa garin Fort McMurray na Kanada. Aka kwashe mutane sama da 80,000 ta babbar hanya guda, gidaje da gine-gine kusan 2,400 suka ƙone, amma wutar ba ta kashe ko mutum ɗaya ba, in ban da mutum biyu da suka rasu a haɗarin mota a kan hanyar fita. A ƙarshen Disambar 2021 gobarar Marshall a jihar Kolarado ta cinye gidaje fiye da 1,000 cikin yini ɗaya, dubban mutane suka fice cikin 'yan awoyi, mutum biyu ne suka rasu. Ko Los Angeles ɗin ma, in ji su, a auna yawan gidajen da suka zama toka da yawan waɗanda suka mutu, za a gane cewa umarnin fita ne ya hana a yi jana'izar ɗaruruwa.

Akwai kuma batun 'yan kwana-kwana. Ƙa'idar aikinsu ita ce ceton rai ya riga ceton gini. Duk mutumin da ya maƙale a gida daga baya ya buga waya yana neman agaji, ya janye mota guda da ma'aikata uku ko huɗu daga bakin wuta, ya kuma sa rayukansu a haɗari. Taurin kan mutum ɗaya yana iya jawo wa layi guda asarar gidaje.

Abin da masu son a tsaya ke mayarwa

Su kuma suna farawa ne daga yadda gida ke kamawa da wuta, kuma a nan ilimi yana bayansu fiye da yadda mutane ke zato. Jack Cohen, wanda ya daɗe yana bincike a hukumar gandun daji ta Amurka, ya nuna cewa galibin gidajen da ke ƙonewa a gobarar daji ba bangon wutar ne ke haɗiye su ba. Tartsatsi ne da garwashi da iska ke ɗaukowa, wani lokaci daga nisan fiye da kilomita guda, su faɗa cikin busassun ganyen da suka taru a magudanar rufi, ko su shige ta kafar shan iska zuwa ƙarƙashin silin, ko su maƙale a shingen katako da tulin itacen girki. Wutar takan fara ƙarama, ta yi ta ci a hankali, wani lokaci sai bayan awa ɗaya ko biyu da wucewar babbar wutar gidan zai kama gaba ɗaya. Irin wannan ƙaramar wuta bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tsumma suna kashe ta, muddin akwai mutum a wurin. In an kwashe kowa, babu mai gani, balle mai kashewa. Motocin kashe gobara kuwa, ko na duk jihar aka tattaro, ba za su tsaya a ƙofar gida dubu goma ba.

Ostareliya ta gina manufa sukutum a kan wannan fahimta. Bayan gobarar 16 ga Fabrairu 1983, wadda ta kashe mutum 75 a jihohin Victoria da Ostareliya ta Kudu, masu bincike suka lura cewa gidajen da aka samu masu lafiya a cikinsu sun fi tsira nesa ba kusa ba, kuma mutane da yawa sun mutu ne a fili ko a mota suna gudun ƙurarren lokaci. Daga nan aka riƙa gaya wa jama'a: ko dai ka shirya gidanka ka tsaya ka kare shi, ko ka tafi tun da wuri. Tunanin shi ne gida zai kare mutum daga zafi na 'yan mintocin da bakin wutar ke wucewa, shi kuma mutum ya fito ya kare gidan daga tartsatsin da ya rage.

A Kalifoniya ma suna da misalai. Jami'ar Pepperdine da ke Malibu ba ta kwashe ɗalibanta idan wuta ta zo. Takan tara su a ɗakin karatu da wani babban gini, kamar yadda ta yi a 2018 da kuma Disambar 2024, saboda an share dajin da ke kewaye da gine-ginen, kuma sakin ɗaruruwan motoci a kan hanyar bakin teku ya fi zama haɗari. Gidan tarihi na Getty Villa ya tsira daga wutar Palisades da wasu ma'aikatansa a ciki, suna zagayawa suna kashe duk inda ya kama. Wani attajiri mai suna Rick Caruso ya ɗauko masu kashe gobara na haya suka tsare masa rukunin kantunansa, ya tsira, alhali gidajen da ke kewaye da shi sun ƙone. Wannan misali na ƙarshe ya yi wa mutane ciwo, kuma masu son a tsaya sun riƙe shi gam. Ashe tsayawa tana aiki, in ji su, sai dai an mayar da ita gatan mai kuɗi, talaka kuwa an ce ya shiga mota ya tafi.

Sannan hanya kanta tana kisa. A 1991 a tsaunukan Oakland mutum 25 suka rasu, da yawansu a kan matsattsun tituna masu lanƙwasa. A Yunin 2017 a Pedrógão Grande na ƙasar Fotugal mutum 66 suka mutu, 47 daga cikinsu a kan hanya guda, a cikin motocinsu ko a gefensu. A Palisades ma cunkoso ya tsayar da motoci cak a inda titin unguwar ya haɗu da Sunset Boulevard, mutane suka watsar da su suka ranta a na kare, sai da aka kawo katafila ta ture motocin kafin 'yan kwana-kwana su samu wucewa.

Raddin masu kwashewa

A nan sai su ambaci rana ɗaya: Asabar, 7 ga Fabrairu 2009. Zafi ya kai digiri 46.4 a Melbourne, iska ta yi ƙarfi, ta kuma juya da yamma. Mutum 173 suka mutu a jihar Victoria, 113 daga cikinsu a cikin gidaje. Garuruwan Marysville da Kinglake sun kusa shafewa. Wasu daga cikin mamatan sun yi duk abin da aka ce a yi: sun tanadi tankin ruwa da injin famfo, sun share kewayen gida. Wutar ta zarce duk wani shiri. Kwamitin binciken da mai shari'a Bernard Teague ya jagoranta, a rahotonsa na 2010, bai soke manufar ba, amma ya ce a gyara ta, a fito fili a gaya wa mutane cewa tafiya da wuri ita ce ta fi aminci, kuma akwai ranakun da babu gidan da za a dogara da shi. Tun daga lokacin Ostareliya take da wani mataki na gargaɗi mafi girma, wanda in an ayyana shi shawarar hukuma ita ce a bar yankin tun daren da ya gabaci ranar ko da sassafe. Ƙasar da ta haifi manufar tsayawa ke nan ta ja da baya, in ji su.

Suna da wata hujjar kuma, wadda a ganina ita ce mafi nauyi a duk muhawarar. Lissafin Ostareliya an yi shi ne don gidajen karkara masu tazara, inda wuta za ta cinye ciyawa da itatuwa ta wuce cikin minti goma ko ashirin. Altadena da Palisades unguwanni ne masu gidajen katako a jere, tsakanin wannan da wancan 'yan taku ne. Da zarar gidajen farko sun kama, abin ya tashi daga gobarar daji ya koma gobarar gari. Gidan maƙwabci ba ya ƙonewa cikin minti goma. Yana ci na tsawon awoyi, zafinsa na fasa gilashin tagarka, yana watsa garwashin da ya fi na daji girma. Babu lokacin da za a ce wuta ta wuce, a fito. Hayaƙin ma ya canza: roba ce da fenti da batiran motoci ke ci.

Ruwan da mai tsayawa ya dogara da shi ma ba tabbas gare shi ba. A Palisades manyan tankuna uku da ke ba unguwannin kan tudu ruwa sun ƙare kafin asubar 8 ga Janairu, famfunan kashe gobara na can sama suka daina kawowa, kuma madatsar Santa Ynez mai cin galan miliyan 117 tana fanko saboda gyara. Duk gidan da ya ƙone bututunsa na ci gaba da tsiyaya, ƙarfin ruwa na ƙara raguwa. In an ɗauke wutar lantarki kuma, famfon gida ya mutu. Abin da ya gagari ma'aikaci mai horo, ina ga mai tiyon lambu?

Raddin masu tsayawa

Su ba su musanta Asabar ɗin 2009 ba. Abin da suke cewa shi ne umarnin fita alkawari ne mai fuska biyu, kuma hukuma ce ta fi saɓa nata ɓangaren. An ce wa jama'a ku jira sanarwa, in ta zo ku tafi. To, a Altadena unguwannin da ke gabas da titin Lake sun samu umarnin fita tun farkon dare, na yamma da titin kuwa sai wajen ƙarfe uku da rabi na dare, bayan gidaje sun riga sun kama. Kusan duk waɗanda wutar Eaton ta kashe a wannan ɓangaren na yamma suke, inda baƙaƙen fata suka samu damar mallakar gidaje tun zamanin da ake hana su saye a wasu unguwanni. Yawancinsu tsofaffi ne, wasu naƙasassu. Akwai uba da ɗansa, dukansu ba sa iya tafiya, da suka rasu suna jiran motar asibiti. Waɗannan ba taurin kai ne ya kashe su ba. Kwana biyu bayan haka kuma aka yi kuskuren aika sanarwar kwashewa ga wayoyin mutane kusan miliyan goma da babu abin da ya same su, wanda hakan ke koya wa jama'a yin biris da sanarwa ta gaba.

A Lahaina ta tsibirin Maui, ranar 8 ga Agusta 2023, ba a kunna jiniyar gargaɗi ba, turakun lantarki sun faɗi sun tare hanyoyi, wasu suka faɗa teku don tsira, mutum 102 suka mutu. A Paradise ta Kalifoniya a Nuwambar 2018 garin yana da tsarin kwashewa unguwa-unguwa, amma wutar ta fi tsarin sauri, mutum 85 suka rasu, wasu a cikin mota. Ɗaruruwa daga cikin waɗanda suka tsira a can, ma'aikata ne suka tara su a filayen ajiye motoci da mararrabar tituna, suka zauna wuta ta kewaye su ta wuce. In mutum bai san komai ba sai gudu, in ji masu wannan ra'ayi, ranar da hanya ta toshe ba shi da dabara ta biyu.

Ga kuma abin da ke biyo baya. A aikace 'yan sandan Kalifoniya ba sa fitar da mutum daga gidansa da ƙarfi, amma in ya fita ba ya komawa sai an buɗe shinge, wanda a wasu unguwannin ya ɗauki makonni. Ga fargabar ɓarayi, har sai da aka sa dokar hana fita da dare aka girke sojoji. Ga inshora: a 2024 kamfanin State Farm ya ƙi sabunta wa gidaje da yawa a Pacific Palisades, wasu kuma abin da za a biya su bai kai kuɗin sake gini ba. Ga dattijon da gidan nan shi ne duk abin da ya tara a duniya, maganar cewa gida ana sake ginawa magana ce ta wanda ke da abin ginawa.

Tankaɗe da rairaya

In aka jera mamatan waɗannan gobara duka, abin da ya fi fitowa fili shi ne kaɗan ne suka mutu a cikin waɗanda suka tafi da wuri, kuma waɗanda suka tsaya da cikakken shiri ma ba su ne mafi yawa ba. Mafi yawa suna tsakiya ne: wanda ya ce bari in ga yadda za ta kasance, wanda sanarwa ba ta same shi ba, wanda ba shi da mota ko ƙafar gudu, wanda ya tsaya ba shiri sannan zuciyarsa ta karaya. Kowane ɓangare yana ɗora wa ɗayan alhakin waɗannan mutane. Masu kwashewa na cewa zancen tsayawa ne ya ba su uzurin jinkiri. Masu tsayawa na cewa dogaro da sanarwa ne ya zaunar da su. Binciken da aka yi bayan 2009 ya nuna cewa mutane da yawa sun fahimci manufar Ostareliya a matsayin izinin jira a gani, wanda shi ne ainihin abin da aka so a hana. Wannan ya rage wa masu tsayawa ƙarfi ƙwarai, domin manufa ana auna ta ne da yadda jama'a za su aikata ta, har da masu tsoro da masu ganganci.

Ni dai, a ranar iska irin ta 7 ga Janairu, a unguwa mai gidaje manne da juna, ina tare da masu cewa a fita, kuma a fita tun kafin a ga hayaƙi. Ban ga hujjar da za ta sa a ce wa mai iyali ya zauna tsakanin gidaje biyu masu ci ba. Amma ba na yarda hukuma ta ɗauki wannan a matsayin wanke kai. Wadda ta ce a fita, wajibinta ne ta san gidan da ke da tsoho ko gurgu tun kafin ranar, ta tanadi motar ɗaukarsa, ta aika sanarwa a kan lokaci ga unguwar masu hali da ta marasa hali, ta kuma daina ba da izinin gina ɗaruruwan gidaje a kan tudun da hanyar fitarsa ɗaya ce. Abin da ya faru a yammacin Altadena ya fi kowace hujja ta masu tsayawa tayar mini da hankali.

Akwai kuma wurin da ɓangarorin biyu suka haɗu, ko da ba su cika faɗa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar Kalifoniya ta wajabta share ciyawa da kirare har ƙafa 100 a kewayen gidajen da ke bakin daji, kuma tun 2008 sababbin gidaje a irin waɗannan wurare sai an yi musu rufi mara kamawa da kafofin iska masu tare tartsatsi. A Paradise gidajen da aka gina bayan wannan doka sun fi tsofaffin tsira. A 2020 an yi wata dokar ta hana ajiye abu mai kamawa a ƙafa biyar na farko da ke jikin bango, amma har wutar Janairu ta zo ba a fara aiki da ita ba. Gidan da zai iya tsayawa shi kaɗai yana rage wa mai shi dalilin kasada, yana kuma ba wanda ya maƙale mafaka. Sai dai yawancin gidajen Altadena da Palisades sun girmi waɗannan dokoki da shekaru masu yawa, gyara su kuma kuɗi ne da ba kowa ke da shi ba.

Abin da ban iya yankewa ba shi ne batun 'yan tsirarun da aka horar. Hukumar kashe gobara ta gundumar Los Angeles ta fara wani tsari a yankin Malibu da kewaye, inda take horar da mazauna unguwa masu sa kai, ta ba su kayan kariya da rediyo, su taimaka wajen fitar da maƙwabta, sannan su bi bayan wuta suna kashe tartsatsi ƙarƙashin umarninta. Sun yi aiki a wutar Disambar 2024 da ta Palisades. Masu yabawa na ganin nan ne mafita: kowa ya tafi, 'yan kaɗan da suka san aikin su zauna. Masu suka na tambaya wa zai ɗauki alhaki ranar da iska ta juya ta rutsa da goma daga cikinsu, kuma ta yaya za a hana maƙwabcin da ba shi da horo ya ce in wane ya zauna ni ma zan zauna. Suna kuma lura cewa irin wannan ƙungiya ta fi saurin kafuwa a unguwar da mutane ke da lokaci da kuɗin sayen injin famfo. Tsarin bai daɗe ba, kuma gobara biyu ba su isa a ce an gwada shi ba.